Babu magani a cikin gilashin ido, kuma ba ya kashe gani

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in tanka wa wasiƙar da kuka buga kwanakin baya, wadda mai ita ya ja kunnen iyaye kada su yarda a sa wa 'ya'yansu tabarau. A cewarsa, da zarar ido ya saba da gilashi to ya lalace ke nan, sai a yi ta ƙara masa ƙarfi shekara bayan shekara har mutum ya wayi gari ba ya ganin komai in babu shi. Na tabbata da kyakkyawar niyya ɗan'uwan nan ya yi rubutunsa, kuma ba shi kaɗai ke da wannan fahimta ba. Sai dai maganar ba haka take ba, kuma na ga irin cutar da take yi wa yara. Shekara 31 na yi ina koyar da fiziks a makarantar sakandare kafin in ajiye alli, ni kaina kuma yau shekarata 17 ina karatu da tabarau.

A ganina ruɗanin daga suna ya faro. Muna cewa "gilashin magani", sai mai ji ya ɗauka akwai wani sinadari da aka zuba a ciki wanda yake ratsa ido a hankali, irin yadda ƙwaya take bin jini har jiki ya saba da ita ya kasa rabuwa da ita. Babu komai a ciki. Gilashi ne zalla, ko roba garai-garai, da aka goge fuskarsa har ta lanƙwashe daidai wani ma'auni. Aikinsa duka a kan haske yake yin sa, tun hasken yana hanya bai iso ido ba. Duk wanda ya gane yadda haske yake karkata, tsoron tabarau zai fita daga ransa, shi ya sa nake so a yi haƙuri da ni in ɗan yi bayani.

Gani ya kori ji. Ka samu kwano wanda ba a hango cikinsa ta gefe, ka ajiye tsabar kuɗi ɗaya a gindinsa, ka yi ta ja da baya har bakin kwanon ya tare maka ita. Ka tsaya cak a nan, wani ya riƙa tsiyaya ruwa a hankali yadda tsabar ba za ta motsa ba. Kafin kwanon ya cika za ka ga ta bayyana, alhali ba ta gusa ba, kai ma ba ka gusa ba. Hasken da ya taso daga jikinta ne ya karya kwana a daidai inda ya bar ruwa ya shiga iska, ya tsallake bakin kwanon ya faɗo cikin idonka. Shi ne dai abin da ke sa cokali ya yi kamar ya karye a cikin kofin ruwa, shi ke sa rafi ya yi kamar bai kai zurfin da yake da shi ba.

Gudu ne ke jawo wannan karya kwana. A sararin da babu komai, haske yana cin kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya, a cikin iska ma kusan hakan ne. In ya shiga ruwa gudun ya ragu zuwa wajen 225,000, a cikin gilashi kuma wajen 200,000. Ɗalibaina ba su taɓa gane alaƙar raguwar gudu da karkata ba sai na fitar da su fili. Nakan jera yara shida kafaɗa da kafaɗa, su riƙe doguwar gora a ƙirjinsu, in ja layi a ƙasa a karkace, in ce duk wanda ya taka layin ya rage faɗin takunsa zuwa rabi. Na gefen dama ya riga isa ya rage, na gefen hagu yana nan yana tafiyarsa ta da. Kafin na ƙarshe ya ƙetare, gorar ta juya, jerin gaba ɗaya ya fuskanci wani waje daban, ba kuma wanda ya yi niyyar juyawa. In kuwa suka tunkari layin kai tsaye suka taka shi lokaci guda, tafiyar ce kawai za ta ragu, ba za su karkace ba. Haka haske yake yi a bakin ruwa ko a bakin gilashi. Masanin lissafi Ibn Sahl ya rubuta ƙa'idar wannan karkata a Bagadaza wajen shekarar 984, lokacin da yake neman siffar gilashin da zai tara hasken rana wuri guda har ya kunna wuta. A 1621 masani Snell na ƙasar Holan ya sake gano ta, kuma da sunansa aka san ta a littattafan makaranta.

To, ka ɗauki gilashi mai kauri a tsakiya, siriri a baki, irin na tabarau ɗin karatu. Hasken da ya bi ta tsakiyarsa ya wuce samɓal. Wanda ya bi ta gefe ya tarar da fuskar gilashin a karkace, sai ya lanƙwaso ciki, kuma iya nisansa daga tsakiya, iya yawan lanƙwasarsa. Daga ƙarshe duka su haɗu wuri guda a bayan gilashin. Wurin nan nake ce wa matattara.

Ga gwajin da na fi so, kuma ban taɓa gajiya da shi ba. Da rana, a kashe fitila, a je bangon da ke fuskantar taga, a manna farar takarda, a riƙe tabarau ɗin karatu a gabanta ana matso da shi ana ja da shi a hankali. Da farko dusu-dusu kawai za a gani. Can sai hoto ya fito rangaɗau a jikin takardar: sararin sama, bishiyar da ke can nesa, mai wucewa a hanya, kowane da launinsa, amma duka ƙafa a sama kai a ƙasa. Dalilin juyewar mai sauƙi ne. Hasken da ya taso daga kan bishiyar gangarowa yake yi ya ratsa tsakiyar gilashin, don haka a ƙasan takarda zai sauka, na gindinta kuma haurowa yake yi, sai ya sauka a sama. Da nawa tabarau na yanzu, in na sa tef na auna daga gilashin zuwa takardar a lokacin da bishiyar ta fito sosai, santimita 40 nake samu. Lambar da ke rubuce a ƙafarsa kuwa +2.50 ce. Ka raba mita ɗaya da 2.5, ka samu santimita 40. Wannan ita ce ma'anar lambar da mutane ke ɗauka ta ƙarfin magani ce. Awon lanƙwasa ne kawai, masu gwajin ido suna ce masa diyofta. Gilashin +1.00 yana tara hasken nesa a mita ɗaya, na +2.00 a rabin mita, na +4.00 a santimita 25. (Ina roƙon kada kowa ya kalli rana ta cikin kowane irin gilashi, domin hasken da ya isa ƙona takarda ya isa ƙona ido.)

Akwai wani abu kuma da mai lura zai gani a wannan gwaji. Lokacin da bishiyar nesa ta fito tsaf, ƙarafan tagar, waɗanda suka fi kusa, suna ɗan dusu-dusu. Sai ka ƙara nisanta gilashin daga takarda kaɗan sannan su fito, ita kuma bishiyar ta dushe. Wato abu na kusa ya fi na nesa wuyar tarawa: ko a ƙara masa wuri, ko a ƙara wa gilashin ƙarfi. A riƙe wannan, domin a nan duk maganar tabarau ɗin tsufa take.

Ido kansa haka Allah ya halicce shi, ɗaki ne mai duhu da taga a gaba da allo a baya. Mutanen da da yawa sun ɗauka wani haske ne ke fita daga ido ya je ya taɓo abin da ake kallo. Ibn al-Haytham, haifaffen Basra wanda ya yi aikinsa a Alƙahira, shi ya kafa hujja da gwaji a littafinsa Kitab al-Manazir, wanda ya rubuta tsakanin 1011 da 1021, cewa hasken daga abu yake tasowa ya shigo ido. A 1604 masanin taurari Kepler ya nuna cewa hoton a can allon bayan ido yake sauka, kuma a juye, daidai da na takardarmu. A 1637 masani Descartes ya bayyana yadda mutum zai gani da kansa: a samo idon bijimin sa, a feƙe fatar bayansa, a rufe wurin da siririyar farar takarda, a sa shi a hudar ƙyauren taga, sai ga duniyar waje a juye a jikin takardar. Ƙwaƙwalwa ce ke karanta saƙon ta ba mu shi a miƙe.

Tsawon ido daga gaba zuwa baya wajen milimita 24 ne kacal, saboda haka ƙarfin da yake buƙata ya tara haske a wannan ɗan wuri babba ne, kusan diyofta 60. Kashi biyu cikin uku na wannan aiki fatar nan garai-garai da ta rufe baƙin ido ce ke yin sa. Shi ya sa in ka buɗe ido a cikin ruwa komai yake dushewa: gudun haske a cikin ruwa da a cikin wannan fata kusan ɗaya ne, sai karkatar ta kusa ɓacewa. Ka sa gilashin ninƙaya, iska ta dawo gaban idon, gani ya dawo nan take. Ragowar kashi ɗayan kuwa na wani ɗan gilashin halitta ne mai taushi da ke bayan baƙin ido, kewaye da wata 'yar tsoka. In ka kalli abu na kusa tsokar ta tsuke, gilashin ya ƙara kumbura, ƙarfinsa ya ƙaru. Yaro ɗan shekara goma yana iya ganin rubutu tsaf a ƙasa da santimita 10 daga idonsa. Amma gilashin nan tauri yake ƙarawa kullum, tun daga ƙuruciya, har a wajen shekara 40 zuwa 45 ya kasa kumburar da karatu ke buƙata.

Ni ina ɗan shekara 45 abin ya same ni. Ina duba takardun jarrabawa da dare sai na ga ina ta nisanta takarda daga fuskata, ƙananan lambobin jikin ma'auni a ɗakin gwaji sun fara haɗewa, ga ciwon kai a goshi duk ranar da na daɗe a kan littafi. Aka gwada ni aka ba ni +1.00. Bayan 'yan shekaru ya koma +1.50, sannan +2.00, yau +2.50. Na san mai wasiƙar zai ce, to ai ga shi nan, abin da nake faɗa ke nan. Amma ina da aboki sa'ana, tela ne, wanda ya rantse ba zai taɓa sa tabarau ba saboda wannan tsoro. Shekara da shekaru jikansa ke zura masa zare a allura, ƙaramin ɗinki kuma ya daina karɓa. Da ya kai 60 ya haƙura ya je gwaji, lambar da aka ba shi ita ce tawa. Ni da na sa da shi da bai sa ba wuri ɗaya muka tsaya, bambancin kawai shi ya yi shekara 15 yana wahala. Shekaru ne ke ƙara lambar, ko an sa gilashi ko ba a sa ba. Abu na biyu da ke ruɗa mutane shi ne, wanda ya daɗe yana gani dusu-dusu yakan manta yadda gani tsaf yake. In ya yi wata guda da tabarau ya cire, sai dushewar ta dame shi fiye da da, ya ɗauka idon ne ya ƙara lalacewa, alhali yanzu ne ya sami abin da zai kwatanta da shi.

Na manya da sauƙi. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami maganar yara ce. Akwai yaron da idonsa ya fi ƙima tsawo kaɗan, milimita ɗaya ma ta isa. Hasken nesa sai ya taru tun bai kai allon ba, ya sake watsewa, ya sauka a matsayin tabo. Irin wannan yaro na kusa ba ya ba shi wuya, allon aji ne ba ya gani. Shi gilashi mai siririn tsakiya da kaurin baki ake ba shi, wanda ke ɗan baza haske kafin ya shiga ido, don matattarar ta ja baya ta faɗa daidai kan allon. Lambarsa da alamar ragi take farawa. Yayin da yaro ke girma ido ma yana girma, don haka lambar takan ƙaru har ya kai wajen shekara 20, kuma hana shi tabarau ba ya tsayar da wannan.

Na taɓa samun wata ɗaliba a ajina, mai natsuwa, wadda ba ta taɓa kwafar rubutu daga allo ba sai daga littafin ta kusa da ita. Wasu malamai sun yanke mata hukuncin rashin ƙoƙari. Na lura duk lokacin da na rubuta lissafi sai ta tsuke ido ta miƙo wuya. Wata rana na huda kwali da fil na ce ta rufe ido ɗaya ta leƙa allon ta cikin hudar. Daga kujerar baya ta karanta layin gaba ɗaya ba gargada. Ƙaramar huda siririn haske kaɗai take bari ya wuce daga kowane ɗigo, tabon da ke sauka a bayan ido ya ƙanƙance, hoto ya fito ko da matattarar ba ta daidaita ba. Tsuke idon da take yi ma dabarar ke nan. Na aika a kira mahaifinta. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malam, na gode, amma ba zan bari a kashe wa yarinyar nan ido tun tana ƙarama ba." Haka muka rabu, ta ƙara shekara guda cur a cikin hazo, ni kuma abin da na iya yi kawai shi ne dawo da ita kujerar gaba. Da shekara ta zagayo ya zo karɓar sakamako, na ga yana nisanta takardar da hannu yana ƙoƙarin karantawa. Na miƙa masa kwalin nan na ce, "Alhaji, don Allah leƙa ta nan." Ya leƙa, ya yi shiru, ya cire, ya sake leƙawa. Na ce masa wane magani ke cikin hudar fil? A makon ya kai ta gwaji, aka ba ta -3.00, wato duk abin da ya wuce santimita 33 daga fuskarta a dushe take ganinsa. Ranar da ta shigo aji da tabarau ta daɗe tana kallon bango, sannan ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ashe agogon nan yana da hannu na uku?" Shekara biyu tana zaune a gabansa ba ta taɓa ganin siririn hannun daƙiƙa ba.

Ga ƙananan yara 'yan ƙasa da shekara bakwai ko takwas, jinkirin ma ya fi haɗari. A wannan lokaci ne ƙwaƙwalwa ke koyon gani. In ido ɗaya kullum hoto dusasshe yake aika mata, takan yi watsi da shi ta dogara da ɗayan, kuma in aka bari lokacin ya wuce, ko an sa gilashi daga baya da wuya ganin ya cika.

Ba kuma cewa nake tabarau na gyara kowace matsalar ido ba. Yanar ido dushewar gilashin halittar nan ce ta ciki, babu gilashin waje da zai wanke ta, sai aiki, inda ake cire shi a sa na roba a madadinsa, abin da likita Harold Ridley ya fara yi a Landan a 1949. Hawan jinin ido kuwa jijiyar gani yake ci a ɓoye, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Saboda haka wanda ganinsa ya ragu ya je a duba shi, kada ya ari tabarau ɗin wani, domin lambar kowa daban, sau da yawa ma idon dama da na hagu ba ɗaya ba ne. Gilashin da ba naka ba zai sa ka ciwon kai da jiri, kuma ina zaton daga nan ma wasu suka samo labarin cewa tabarau na cutarwa.

Tun ƙarshen ƙarni na 13 aka fara yin tabarau a Italiya, fiye da shekara 700 ke nan ana sa shi. A rahotonta na 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla mutum biliyan 2.2 ne ke da raunin gani, kuma miliyan 826 daga cikinsu matsalarsu ita ce dushewar karatu ta tsufa da ba a gyara ba, irin ta abokina tela. Da yawa rashin hali ne ko rashin mai gwaji ya hana su. Abin da ke ci mini rai shi ne wanda yake da halin, ga mai gwajin, amma tsoro ya hana shi, ko ya hana ɗansa.

Roƙona ga 'yan'uwana malamai, duk yaron da kuka ga yana tsuke ido ko yana kwafa daga littafin maƙwabcinsa, ku gwada shi da kwali da fil kafin ku ce ba ya ja. Shi kuma ɗan'uwana mai wasiƙa, ina roƙonsa ya ari tabarau ɗin karatu na wani dattijo na minti biyar, ya manna farar takarda a bangon da ke kallon taga, ya nemo hoton bishiya a juye, ya auna da tef. In Edita ya ba shi fili, ya rubuto ya faɗa mana santimita nawa ya samu, da lambar da ke rubuce a ƙafar tabarau ɗin.

Wassalam.

Naku,
Malamin fiziks mai ritaya